Aladun da Aka Bar Mini Amana

Gidanmu shi ne na kusa da ƙarshe a layinmu na Mayo, can kudancin Khartum, inda gidajen laka suke ƙarewa fili ya fara. Kakana ne ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa ya nufi Makka, a hanyar dawowa ya tsaya a nan, bai ƙara gaba ba. Ni a nan aka haife ni, kuma sana'ata agashe: naman sa da ake yankawa fale-fale, a barbaɗa masa garin ƙuli da yaji, a kafa tsinkayen kewaye da wuta. Ina da teburi a bakin tashar unguwa, kullum bayan la'asar nake hura wuta. Shekara goma sha ɗaya na yi a wurin.

Gidan ƙarshe na wani dattijo ne mutumin duwatsun Nuba, Kirista, shi da matarsa. Ina ce masa Ammi, wato baffa, ita kuma Halti, wato inna. Ba su da ɗa a raye. A bayan gidansu ya zagaye wani wuri da katangar laka, a nan yake kiwon aladu: uwa biyu, namiji ɗaya, da ƙanana da matasa da ba su kai ashirin ba. Kowa a layin ya sani, kuma ba mai zancen. In iska ta juyo ta gefenmu sai matata ta rufe taga ta kunna turaren wuta, shi ke nan.

Akwai shekarar da ruwan sama ya rushe mana ɗaki, matata tana da tsohon ciki. Dattijon nan ya kwashe kayansa daga ɗakinsa ya ce mu shiga. Kwana arba'in muka yi a ciki, shi da Halti suna kwana a rumfa cikin sauro. Tukunyarsu ma sai da suka ware, suka sayo sabuwa, don kada ranmu ya sosu. Tun daga lokacin ban taɓa wuce ƙofarsa ban gaishe shi ba.

Shekarar da Kudu za ta rabu da mu ta zama ƙasa daban, gab da faɗuwar damina, aka aiko masa ƙaninsa ya rasu a garinsu, can cikin duwatsun Nuba. Da safe ya same ni ina wasa wuƙa.

"Ɗana, zan je in dawo. Kwana goma ne. Ka ga ƙafafun Haltinka." Ƙafafunta kuwa sun daɗe da kumbura, da sanda take tafiya. "Ba na ce ka taɓa aladun ba. Ruwa kawai, da abinci. Ka zuba ta saman katanga."

Na ci gaba da wasa wuƙata. Ya ce in ba zan iya ba, ba zai riƙe ni a rai ba.

"Ka je, Ammi. Allah ya jiƙansa, ya kai ka lafiya."

Bai cika mako da tafiya ba muka ji an fara faɗa a duwatsun, hanya ta rufe. Wayarsa ta yi kwana biyu tana shiga ba a ɗauka, daga nan ta daina shiga.

Na je wurin yayana, wanda yake karantar da yara da manya a masallacin layinmu, na faɗa masa halin da nake ciki. Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce dabba mai jin yunwa dabba ce, wanda ya ciyar da ita bai yi laifi ba, kuma a karatunmu abu mai rai ba najasa ba ne. "Amma yanka da sayarwa da dakon naman, babu kai babu su. Ka ji ni? Kuma ka tuna me kake sayarwa a tasha."

Na ce na ji.

Maganar zubawa ta saman katanga ba ta kai kwana uku ba. Kwamin abincinsu yana tsakiya, sun kife shi, ruwan da na kwarara ya bi ƙasa. Dole na nemi wasu tsofaffin takalman roba da riga daban na shiga. Ranar farko na yi amai a gindin katanga. Halti tana zaune a kan kujera a bakin ƙofa tana nuna mini da sanda: wannan uwar tana cizo, kada ka juya mata baya, wancan ƙaramin a raba masa nasa daban, manya suna ture shi, kada ka zuba abinci mai tsami da yawa, zawo suke yi.

Da haka na koyi aikin da ban taɓa mafarkin koya ba. Da asuba in bi masu gidajen abinci a kasuwar unguwa in kwaso sauran wake da ɓawon burodi da kisira, wainar dawa ta garin nan, wadda ta kwana. In biya wurin masu kayan miya in tsince ruɓaɓɓen tumatir da kabewa da ɓawon kankana. Duk sun san Ammi, sun saba ajiye masa a buhu, sai dai da suka ga ni ne suka riƙa kallon juna. A gida Halti ta haɗa da dusa, ta dama da ruwa. Mai karo, wato mai keken jakin da ke ɗauke da gangar ruwa, yana kawo ganga biyu kullum, ɗaya ta sha, ɗaya ta taɓo. Alade ba ya gumi, Halti ta ce mini, in bai samu taɓon da zai kwanta ba zafin garin nan zai dafa shi da ransa. Don haka kafin rana ta take sai na jiƙa ramin da ke ƙarƙashin rumfarsu, su shiga su kwanta suna gurnani.

Ba zan ce na so su ba. Amma na gane suna da wayo fiye da tumaki da awakin da na sani. Sun san takuna. In mai karo ne ya wuce ba sa motsi, in ni ne sai ihu ya tashi tun ina ƙofar gidana. Uwar da ba ta cizo, wata fara mai baƙin tabo a kunne, ta haihu da tsakar rana a wata na biyu, 'ya'ya tara. Halti ta sa na kafa itace a gefen bango don ƙananan su samu maɓoya kada uwar ta danne su in za ta kwanta. Duk da haka ta danne ɗaya. Na ɗauke shi da shebur, bai fi tafin hannuna biyu ba.

Yanka ba ruwana da shi. Duk Asabar da sassafe wani mutum daga cocinsu yake zuwa, ya yanka ɗaya, ya babbake gashin da wuta, ya kankare, ya sassara. Ni ranar ko leƙawa ba na yi. Halti ta jera naman a bokitai biyu, ta rufe da ganyen ayaba ko takarda, ta ɗaure bakin da zane. Naman ba a baza shi a teburi kamar na kowa. Tana da wurin zamanta a bayan kasuwar unguwa, bayan masu gawayi, ta ajiye 'yar gyaɗa da kuɓewa busasshiya a faranti a gabanta, bokitan suna ƙarƙashin kujera. Wanda ya sani ya tsuguna kamar mai tayin gyaɗa, ta zura hannu ta ƙulla masa a leda baƙa. In an ji masu kamen 'yan tireda sun shigo kasuwa, matan da ke kusa su ja bokitan su tura cikin buhunan gawayi.

Matsalar ita ce masu sayen suna ƙarewa. Yawancinsu mutanen Kudu ne, kuma a watannin nan kullum sai ka ga babbar mota a bakin titi an lafta mata gadaje da ƙofofi da kwanon rufi, iyali guda sun tafi. Layin da ke bayan cocin ya zama kango. Halti takan dawo da rabin bokiti, ta yanyanka ta sa gishiri ta shanya a ɗaki, ƙuda ya cika gidan. Aladun kuwa ba su san an rabu ba, ci suke suna girma.

Sai ta tuna Ammi yana da wasu gidaje uku a Umdurman, can tsallaken kogi, tsofaffin Kiristocin garin, da yakan kai wa nama lokaci lokaci a wata unguwa kusa da babbar kasuwa. Mutumin cocin da zai kai mata shi ma ya bi mota ya tafi Kudu, wani ya karɓi yankan, shi kuma bai san gari ba. Wata Asabar na fito na same ta a ƙofa, bokitai biyu a gabanta, sanda a hannu, tana ƙoƙarin ɗora ɗaya a ka. Mota biyu ake hawa daga Mayo zuwa Umdurman, da tsallake gada.

"Halti, ina za ki da wannan ƙafa?"

"In ban je ba me za su ci, me zan ci?"

Na tuna maganar yayana sarai. Na ce a raina dama ina da sayen yaji da ƙuli a Kasuwar Umdurman, raka tsohuwa kawai zan yi, bokiti kuma a rufe yake. Na ɗauka.

Sau biyu muka je lafiya. A na uku muka sauka a tashar da ke bakin kasuwar, wajen hantsi, mutane kamar ƙasa. Kwandasta ya miƙo mini bokitin daga mota da sauri, marikin ya tsinke. Zanen ya kwance, nama ya watse a ƙasa. Da jan nama ne kawai da ba wanda zai kula. Amma ga farar fata mai kitse, ga ƙafa da kofatonta, ga rabin kai da hancinsa ya mirgina har gaban wata mai shayi.

"Kadruk!" wani ya ce da ƙarfi. Sunan alade ke nan a Larabcin garin nan. Mutane suka ja da baya suka yi zobe. Mai shayin ta kwashe kofunanta tana salati. Halti ta yi ƙoƙarin sunkuyawa, ƙafa ta ƙi, ta tsaya tana cewa ku yi haƙuri, ku yi haƙuri. Wani ya tofa yawu kusa da ita.

Na tsuguna na kwashe naman da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, da ƙasar da komai. Da na ɗago kai sai muka haɗa ido da mai yajin da nake saye a wurinsa tun ina saurayi, Bahaushe ɗan'uwana, yana tsaye da kofin shayi. Ya kau da kai. Na ɗauki bokitin muka wuce.

Labari ya riga ni komawa Mayo. Washegari na hura wuta kamar kullum, na kafa tsinkaye, ƙamshi ya tashi. Direbobin da suka saba tsayawa suka wuce suna kallon wani gefe. Wani da na sani tun muna yara ya tsaya nesa ya ce, "Maigida, yau naman me aka gasa?" aka yi dariya. Har aka kira magariba tsinke huɗu na sayar, su ma baƙi ne masu wucewa.

Na ɗauko mahaucin da nake sayen naman sa a wurinsa, ya tsaya a gaban teburina ya rantse cewa duk abin da nake gasawa daga hannunsa yake fitowa. Aka saurare shi, aka gyaɗa kai, aka je aka saya a teburin da ke tsallaken titi. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce shi ya yarda da ni, amma hannun da ya taɓa wancan shi yake barbaɗa yaji, ransa ba zai karɓa ba. Ban ga laifinsa ba. Da wani ne, ni ma haka zan ce.

Yayana bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na faɗa maka." Ya ce in tuba, in yi nesa da gidan, ya ga ko zai iya yi wa mutane magana ranar Juma'a. Abin da ya fi ci mini rai na matata ne. An yi suna a layinmu, ta dafa tuwo ta aika kamar yadda aka saba, kwanon ya dawo yadda ya tafi, ko marfin ba a ɗaga ba. Ta zauna a tsakar gida da kwanon a cinya. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Malam, mu me muka yi?"

A ranar na shiga gidan Halti ban yi sallama ba. Na faɗa mata maganganun da har yau in na tuna sai in ji kunya. Na ce kwana goma aka ce mini, ga shi wata biyar. Na ce ƙazantarsu ta cinye mini sana'a, ta shiga har cikin tukunyar matata. Na ce mijinta ya san ba zai dawo ba ya ɗaura mini wannan masifa. Tana zaune tana tsince dusa, ta ɗago ta dube ni.

"Ya san ba zai dawo ba?" Abin da ta maimaita ke nan. Sannan ta ce, "Ka je, ɗana. Ka yi abin da ya fi ƙarfinka."

Kwana uku ban leƙa ba. Ina jin ihun aladun da safe in toshe kunne, in fita ta ɗaya gefen layin. Lokacin damina ta ɗauke, zafin da ke biyo bayanta ya dawo da ƙarfinsa. Abin da ban sani ba, mai karo shi ma ya daina kai mata ruwa, don an ce masa in ya ci gaba ba mai ƙara sayen ruwan gangarsa. A rana ta huɗu ihun ya ragu ƙwarai. Matata ce da kanta ta ce, "Shirun nan bai yi mini ba. Je ka duba."

Na sami Halti zaune a ƙasa a bakin garken, buta a gefenta. Kwana uku da buta take jan ruwa daga randarta, tana tafiya tana hutawa, har randar ta ƙare. Leɓunanta sun bushe sun tsage. Ramin taɓon ya zama ƙasa mai ƙura. Farar uwar tana kwance a cikinsa ta mutu, cikinta ya kumbura, ƙanananta biyar a gefenta su ma sun mutu. Sauran suna kwance a jikin bango, baki buɗe, suna haki.

Na fara kai wa Halti ruwa daga gidana, matata ta zo ta kama ta ta kai ta ɗaki. Sannan na yi ta jigila da jarka daga famfon bakin titi, sawu nawa ban sani ba, ina kwarara musu a jiki. Da rana ta yi sanyi na haƙa rami a filin baya. Uwar ta fi ƙarfina, sai da na ɗaura mata igiya a ƙafa na ja ta a ƙasa, mutane suna tsaye a ƙofofinsu suna kallo. Ba wanda ya taya ni, ba kuma wanda ya yi dariya.

Na nemi gafarar Halti. Ta ce ba komai, amma daga ranar ba ta ƙara zama a bakin garken tana nuna mini da sanda ba. Na ci gaba da ciyar da waɗanda suka rage har wata guda, tunda dai teburin nawa ya riga ya mutu. Sannan limamin cocinsu ya samo wani mai gona a wajen gari da ya yarda ya kwashe su gaba ɗaya. Aka zo da mota a rufe da tamfol, aka loda su suna ihu. Halti ba ta fito ba.

Game da Ammi, magana iri biyu muka ji. Wani da ya tsero ya ce ya gan shi a cikin masu ɓuya a kogon dutse, da rai amma ya rame. Wata mata ta ce a'a, tun makon farko ya rasu a hanyar kasuwar garinsu. Halti ta zaɓi ta farko. Ta ce in yana raye ba zai iya zuwa Khartum ba, sai dai ya gangara Kudu, don haka can za ta je ta jira shi. Na ce mata ba ta san kowa a can ba, ta zauna da mu, ɗaki ɗaya ya ishe ta. Matata ma ta roƙe ta. Ta ce ta gode, amma zamanta kusa da mu ba zai bar mu mu ɗaga kai a layin ba.

Na raka ta inda manyan motoci suke lodi. Kayanta gado ɗaya ne da akwatin ƙarfe da tukwane. Aka ɗaga ta aka ɗora a kan buhuna, cikin mata da yara da ba ta sani ba. Ta miƙo mini mabuɗin gidan ta ce in Ammi ya dawo ta nan in ba shi, in ce masa ta bi hanyar kogi zuwa Kudu. Motar ta yi awa uku ba ta tashi ba, ina tsaye a rana.

Na sake gwada teburin bayan azumi, yayana ma ya zo da kansa ya saya ya ci a gaban mutane. Wasu kaɗan suka dawo, ba su isa riƙe gida ba. Na sayar da teburin na samu aiki a Bahri, can arewacin Khartum, a wurin wani mai agashe da bai san ni ba, ina yanka masa nama a bayan shago, shi yana bakin shago wurin masu saye. Mota uku nake hawa kafin in isa. Bayan shekara biyu wata mata da ta dawo daga Kudu neman magani ta neme ni har gida. Ta ce sun zauna da Halti a wani sansani kusa da iyaka, ciwon ƙafar ya hau har ciki, ta rasu a damina ta biyu. Na tambaye ta ko dattijon ya iso. Ta ce har ta baro wurin ba wanda ya zo nemanta.